Darasi na 9: Gyaran keke mai giya a gida

Keke mai giya da faffaɗar taya, wanda masu sayarwa ke kira VTT, an ƙera shi ne don hanyar dutse da kwazazzabo, shi ya sa ya karɓi Damagaram. Amma abu uku ne ke cin sa a nan: ƙaya, rairayi da ƙurar hunturu. Yawancin lalacewarsa ana iya gyara ta a tsakar gida, in dai an nemo dalilinta kafin a kama sifana. Wanda ya toshe huda bai cire ƙayar ba, gobe ma sai ya tura keke da hannu.

Kayan aikin ba su da yawa: famfo, faci da sholisho, guntun sanfefa, sifana mai lamba 15 don notin ƙafa, makullan nan masu kusurwa shida lamba 4, 5 da 6, sukudireba, tsumma da tsohon buroshin haƙori. Cokula biyu masu kauri za su tsaya a matsayin ƙarfen cire taya.

Idan taya ta sace

Kifa keken a kan sirdi. Idan ƙafar baya ce, fara mai da sarƙa kan ƙaramin haƙori, wato faifai mafi ƙanƙanta cikin jerin haƙoran baya, ƙafar za ta fita ba gardama. Saki sauran iskar, ka tura bakin tayar zuwa tsakiyar ƙarfen ƙafa, sannan ka ɗaga gefe ɗaya da bayan cokali. Kada ka sa sukudireba a nan, tsininsa yana yaga tub.

Zaro tub ɗin ka ɗan hura shi. Ba sai an cika bahon ruwa ba, ruwa abin tattali ne a garin nan. Rabin kwano ya isa, ko ka riƙa kai tub ɗin kusa da leɓenka, za ka ji iskar tana hura ka. Da ka ga wurin, tsaya ka dube shi da kyau, domin hudar ita ke faɗin abin da ya jawo ta. Ƙaramar huda guda ta wajen da ke taka ƙasa, ƙaya ce ko guntun waya. Huda biyu a jere, iska ce ta yi kaɗan, aka hau dutse, ƙarfen ƙafa ya matse tub. Huda ta ciki, wajen da ke kallon ƙarfe, robar da ke rufe kawunan wayoyin ƙafa ce ta goce ko ta tsage, sai an sauya ta. In babu sabuwa, a yanko ta daga tsohon tub. Yagewa a gindin bawul kuwa ba ta karɓar faci, tub ɗin ya gama aiki.

Yanzu sai a koma kan tayar. Zagaya cikinta da tsumma a hankali, inda tsumman ya maƙale nan ƙayar take. Ƙayar aduwa da ta tsidau sukan karye a cikin roba, daga waje ba a ganin komai sai ɗan baƙin ɗigo. Turo ta daga ciki ka zare.

Goge wurin hudar da sanfefa, faɗin gogewar ya ɗara na facin. Shafa sholisho siriri. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: gaggawa. Sholisho ɗanye ba ya riƙe faci. Jira kamar minti 5, har ƙyallinsa ya dushe, sannan ka ɗora facin ka danne da babban yatsa tun daga tsakiya zuwa gefe, minti guda cur. Barbaɗa ɗan toka ko hoda don kada ya manne wa taya. Wajen mayarwa, sa wa tub ɗin ƴar iska ya yi siffa, fara da bawul, ka ƙarasa bakin tayar da tafin hannu.

Yawan iskar da taya ke ɗauka yana rubuce a gefenta, kusa da lambar girma, misali 26 x 1.95. Koyi karanta lambobin nan, da su za ka sayi tub daidai a Kasuwar Dole. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ka cika taya har ƙarshe ka jingine keken a rana.

Sarƙa

Ana yawan ganin sarƙa baƙa ƙirin, tana ɗigar baƙin mai, mai keke yana ganin gata ya yi mata. Cutar ta ya yi. Mai da rairayi in sun haɗu sanfefa suke zama, su cinye sarƙa da haƙora tare. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, man gyaɗa kuma daskarewa yake yi ya yi danƙo.

Wanke ta da ɗan kananzir da buroshi, ka bar ta ta bushe. Ɗiga mai mara kauri, irin na keken ɗinki in babu na sarƙa, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Juya feda baya sau goma, sannan ka goge bayan sarƙar da tsumma sosai. Cikin gaɓa ne ke son mai, waje ya zauna a bushe. A hunturu a riƙa yin haka kowane mako.

Sarƙa tana tsawo in ta tsufa. Ɗauki ma'auni, ka ƙirga tazara 24 daga tsakiyar ƙusa ɗaya ta sarƙar (daga ƙusa zuwa ta gaba tazara ɗaya ke nan). A sabuwar sarƙa santimita 30 da rabi ne. In ya ƙaru da milimita 2, sauya ta tun ba ta cinye haƙoran baya ba, domin su sun fi ta tsada. Kafin ka saya, ƙirga jerin haƙoran baya: masu 6, 7 da 8 sarƙarsu ɗaya ce, mai 9 zuwa sama ta fi siranta.

Giya tana tsalle ko ta ƙi shiga

Kafin ka taɓa kowace ƙusa, tsuguna a bayan keken ka dubi hannun da ke jan sarƙa. Ƙananan ƙafafunsa biyu dole su miƙe sak ƙarƙashin haƙorin da sarƙa ke kai. Idan ya karkata ciki, keken ya faɗi ne ta dama, ƙarfen da ke riƙe shi ya lanƙwashe, kuma babu saitin da zai yi magani sai an miƙe shi. Shi ya sa ba a kwantar da irin wannan keke ta gefen sarƙa.

In yana miƙe, matsalar ta waya ce. Inda wayar giya ta shiga hannun akwai ɗan murfi mai murɗawa. Idan sarƙa tana jinkirin hawa babban haƙori, wayar ta saki: warware murfin rabin zagaye, kamar mai kwance noti, ka juya feda ka gwada. Idan saukowa take ƙi, mai da shi ciki rabin zagaye. In duka biyun suna nauyi, ƙura ce ta cika bututun wayar, a zare a goge, ko a sa sabuwa.

Akwai ƙusoshi biyu masu harafin H da L. Iyaka kawai suke yi wa sarƙa. H tana hana ta faɗawa waje bayan ƙaramin haƙori, L tana hana ta shiga cikin wayoyin ƙafa. Kada ka murɗa su sai sarƙa na zubewa, kuma kwatan zagaye a kowane gwaji. A kan hanya, sauya giya tun kafin ka shiga rairayi, ƙafa na juya feda da sauƙi. Sauyi a tsakiyar nishi shi ke tsinka sarƙa.

Birki

Mai roba: robar ta tsaya milimita 2 daga ƙarfen ƙafa, ta kama ƙarfe kawai, kada ta taɓa taya. In tsagin jikinta ya shafe, ta ƙare. In tana ƙara, cire tsakuwar da ta nutse cikinta ka goge da sanfefa.

Mai faifai: mai ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa faifan. In yana guga, sassauta ƙusoshi biyu da suka riƙe gidan birkin da makulli lamba 5, matse birkin ka riƙe, ka ɗaure su a haka. Birkin da ke aiki da man birki a bututu, in hannunsa ya yi laushi har yana taɓa abin riƙo, iska ce ta shiga. Wannan a kai wa mai gyara, kada a hau shi a haka. Kuma kada a matsa shi alhali an cire ƙafa, bakinsa zai haɗe.

Aikin gida

Kowa ya rubuto a takardarsa lambar da ke gefen tayar kekensa ko na maƙwabcinsa, da yawan jerin haƙoran baya, da tsawon tazara 24 na sarƙar. A zo da takardar darasi mai zuwa, tare da tsohon tub guda, za a yi faci a aji.