Yadda Ake Rajistar Kwasa-kwasai a Jami'a Ba Tare da Ka Ƙara wa Kanka Shekara Ba

Duk farkon zangon karatu shagona da ke Agege cika yake da yaranmu masu zuwa rajistar kwas. Wani daga Jami'ar Legas da ke Akoka, wani daga LASU, Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, wani ma daga makarantun jihar Ogun. Yaro zai zauna gaban kwamfuta, ya buɗe fotal, ya bi akwatunan nan yana dannawa, ko mai sayen tumatir a Mile 12 ya fi shi dubawa. Minti biyar ya gama, ya ce, "Yaya, a fitar min da kwafi uku." In na ce, "Ƙanena, ka ƙirga yunit ɗinka kuwa?" sai ya ce ai haka 'yan ajinsu suka yi. Ni ma haka na yi a zamanina, kuma shekara guda cur na biya a kai. Ba zan tsaya koya maka biyan kuɗin makaranta ko shiga fotal ba, wannan ka fi ni iyawa. Abin da ke zuwa kafin dannawa da bayanta nake so mu tattauna.

Da farko, san ko kai wane irin ɗalibi ne a takarda

Ɗauko takardar gurbin karatunka ta JAMB ka karanta da idonka. Akwai ɗalibin cikakken lokaci, akwai na fat-tayim mai zuwa da yamma ko ƙarshen mako, akwai na karatu daga nesa irin na cibiyar DLI ta Jami'ar Legas, akwai kuma malaman makaranta masu karatun lokacin hutu. Digirin duk digiri ne, amma wanda ya gama fat-tayim ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa NYSC ke ba shi. Ita kuma daban take da takardar yafewa da ake ba wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala. Da yawa cikin samarinmu masu tsaron shago ko harkar canji fat-tayim ne ya dace da su, kuma babu laifi ko kaɗan, amma mutum ya shiga da saninsa. Na ga wanda sai a ajin ƙarshe ya gane ba zai sa kaki ba, bayan ya gama yi wa mahaifiyarsa alkawarin hoto.

Sannan ta wace ƙofa ka shigo? Wanda ya shigo ta jarrabawar UTME daga aji ɗaya yake farawa, wanda a nan Legas za ka ji ana cewa lebul 100. Wanda ya shigo kai tsaye, wato DE, da difloma ko NCE ko shaidar share fagen shiga jami'a irin JUPEB ko IJMB ta Zariya, daga lebul 200 yake kamawa. Bisa ma'aunin hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, digirin shekara huɗu yana bukatar aƙalla yunit (ma'aunin nauyin kwas) 120 ga ɗan UTME, 90 ga ɗan DE, na shekara biyar kuma 150. Sashenka zai iya ɗorawa a kan haka. Ɗan DE ya kula musamman: sau da yawa akwai kwasa-kwasan gama-gari na GST na lebul 100 da ake bin sa bashinsu, shi kuwa yana kallon takardar abokinsa ɗan UTME yana kwafa.

Na biyu, nemi kundin sashenka

Ƙaramin littafin nan da ake rabawa ko sayarwa a makon gabatarwa, wanda yawancinku kuke bari a ƙasan jaka har ya ci ruwa. Shi ne alƙali. A ciki za ka ga kwasa-kwasai na dole, na zaɓi, da waɗanda ba a yarda ka taɓa su ba sai ka ci wani kafin su. Ka tabbatar na shekarar shigarka ne, domin tun da NUC ta fito da sabon manhajin CCMAS a ƙarshen 2022 lambobin kwas da yunit ɗinsu sun sauya a wurare da dama. Kundin yayanka da ya gama shekara biyar da suka wuce zai iya ɓatar da kai. In an ƙi sayar maka ko ya ƙare, ari na ɗan ajinku ka yi hotonsa, kuɗin bai kai na danfo daga nan zuwa Yaba ba.

Na uku, lissafin yunit, inda ake karyewa

Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca a kowane mako na tsawon zango, kimanin mako 15. In aikin ɗakin gwaji ne, awa uku ke tashi yunit ɗaya. Ɗalibin cikakken lokaci ba ya yin ƙasa da yunit 15 a zango, ba ya wuce 24. Riƙe lambar nan 24, ita ce bangon da na yi karo da shi.

Ga yadda abin ya faru. A zangon farko na lebul 200 na faɗi wani kwas mai yunit 3. Da shekara ta zagayo, maimakon in sa shi a gaba, sai na ce bari in ji da na lebul 300 tukuna, kari-oba, wato kwas ɗin da na faɗi, ai ba gudu zai yi ba. Lokacinsa ma ya yi karo da wata lakca da nake so, kuma gaskiya ina jin kunyar zama aji ɗaya da ƙannena. Ban lura ba cewa shi ne mabuɗin wani kwas na lebul 300. Na je na rubuta jarrabawar na lebul 300, na fito ina murna, da sakamako ya fito aka ce ba a lissafa shi ba domin ban cika sharaɗi ba. Da na shiga ajin ƙarshe na zauna da biro: na dole na wannan zangon yunit 21, bashi biyu yunit 6, jimla 27. Ko da an bar ni na ɗauka ma, na saman ba zai hau ba sai na ƙasan ya sauka. Abokaina suka tafi sansanin bautar ƙasa, ni kuwa na koma na sake biyan kuɗin makaranta, ina tashi da asuba ina ratsa cunkoson Oshodi saboda lakcar awa biyu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai yi min faɗa ba. Ya dai tambaye ni, "To yanzu kwas ɗin nawa ne suka rage?" Na ce ɗaya ne, Baba. Ya yi shiru ya ci gaba da jan carbinsa.

Saboda haka ga tsarin da nake sa kowane yaro ya bi a shagona, kuma ba na karɓar gardama a kai. Ka ɗauki farar takarda kafin ka taɓa kwamfuta. A sama ka rubuta duk kari-obar da ake bin ka a wannan zangon, da yunit ɗin kowanne. Ka tuna kwas ɗin zangon farko a zangon farko ake maimaita shi, na biyu a na biyu, ko kuma na hunturu da na damina kamar yadda LASU ke kiran zangunanta. In ka tsallake shi bana, sai baɗi war haka. A ƙarƙashinsu ka jera na dole na ajinka, ka sa alama a kan duk wanda yake mabuɗin wani a gaba. Ka tara. Abin da ya rage tsakanin jimlarka da 24 shi ne filin kwas na zaɓi. In jimlar ta haura, wanda za a ajiye shi ne na dole ɗin da ba ya buɗe wa kowa ƙofa, kuma ka duba tun yanzu cewa zangon da zai faɗa a baɗi yana da wurin ɗaukarsa. Kada ka duba bana kawai. Ka shimfiɗa duk zangunan da suka rage maka har zuwa ƙarshe, ka ga inda za su cushe. Masu zuwa SIWES, wato horon sanin makamar aiki a ma'aikatu, su ƙara kula, domin a sassa da yawa zango guda sukutum yake cinyewa, ba ka da damar maimaita komai a cikinsa.

Akwai kuma masu cuta kishiyar tawa, masu haɗama. Yaro ba shi da bashi ko ɗaya amma sai ya cika 24 taf, wai don ya rage wa kansa nauyi a gaba. Bari mu yi lissafi. A yawancin jami'o'inmu A daga maki 70 take da daraja 5, B daga 60 da 4, C daga 50 da 3, D daga 45 da 2, E daga 40 da 1, F kuma sifili. Ana ninka darajar da yunit, a tara, a raba da jimlar yunit ɗin da ka yi wa rajista. Ɗalibi ya ɗauki 18 ya samu C a duka: 54 raba 18, ya tashi da 3.00. Abokinsa ya ɗauki 24, ya samu C a 18, ya faɗi 6 saboda kaya sun yi masa yawa: 54 raba 24, ya tashi da 2.25, ga bashin yunit 6 a wuya. Na farko yana cikin rukunin 2.40 zuwa 3.49, wato daraja ta biyu ta ƙasa, na biyu ya gangara ta uku. Kuma F ɗin nan ba ta gogewa ko ka ci kwas ɗin daga baya, tana nan cikin CGPA ɗinka, wato wannan lissafin na duk zangunanka a haɗe, tana jan sa ƙasa.

Ni a wurina, wanda ke kwana Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago yana zirga-zirga kullum, balle in yana taimakawa a kasuwa, kada ya wuce 20 sai in sashe ne ya tilasta. Ɗan hostel yana da awa uku ko huɗu a rana da kai ka bar su a kan titi. Ka kuma duba jadawali da kyau: lakcar ƙarfe takwas na safe ranar Litinin, da wadda ta faɗa daidai lokacin Juma'a. In kwas na zaɓi ne, canza shi. Makarantu da yawa suna neman halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a bar ka shiga jarrabawa, kuma akwai malaman da ke aiki da wannan doka ba sani ba sabo.

Na huɗu, kai takardar wurin malamin da ke kula da ajinku

Kafin ka tura, ba bayan ka tura ba. Je ka da farar takardar nan taka da sakamakonka na baya. Ka gaishe shi da ladabi, ka nuna masa lissafinka, ka yi tambaya ɗaya tak: akwai abin da na bari wanda zai tare ni a gaba? In kana ajin ƙarshe kuma yunit biyu ko uku ne suka haura, tambaye shi ko ana rubuta takardar neman alfarma, domin wasu jami'o'in suna ɗaga ƙafa, amma ta hannun shugaban sashe take bi kuma tana cin lokaci. Kada ka bari sai makon rufe fotal.

Daga nan sai ka danna, ka tura, ka fitar da takarda. Ka bi lambobin kwas ɗaya bayan ɗaya, domin 201 da 211 a allon waya kusan abu ɗaya ne, kuma jarrabawar da ka rubuta ba rajista aikin banza ce, wadda ka yi wa rajista ba ka shiga ba kuma F ce. A sa hannu, a buga hatimi inda ake bukata. Kwafi ɗaya ga sashe, ɗaya a jakarka, ɗaya a gida cikin leda saboda ruwan Legas, ka kuma ɗauki hotonta ka tura wa kanka. Makonnin farko akwai damar ƙari da ragi. In ka ga wani kwas na zaɓi ya fi ƙarfinka, sauke shi a fotal, daina zuwa aji kawai ba saukewa ba ne. Rajistar latti tana da tara, kuma ita ce kuɗin da na fi jin haushin ganin yaro ya biya.

In rashin lafiya ko rasuwa ko rashin kuɗi ya sa dole ka tafi gida Arewa na tsawon zango, rubuta takardar jingine karatu kafin ka hau mota, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Wanda ya ɓace ba takarda, F ake jera masa, in CGPA ya faɗi ƙasa da ma'aunin makarantar, 1.00 a wasu 1.50 a wasu, sai a sa shi a zaman gargaɗi, in bai farfaɗo ba a sallame shi. Kuma shekarun ƙari suna da iyaka, digirin shekara huɗu ba a wuce shida a kansa. Da ka shiga ajin ƙarshe, leƙa shafin JAMB ka ga sunanka na cikin jerin ɗaliban da ta amince da shigarsu, domin in babu shi NYSC ba za ta kira ka ba, kuma gyaran yana iya cin watanni.