Kurakuran da ke ƙona mana kayan wuta a Zango

Ɗan'uwa ya aiko da injin markaɗe daga Amurka, a unguwar Nima da ke Accra an buɗe kwali ana murna, sai a tarar filoginsa bai shiga soket ba. Nan take a aiki yaro Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki, ya sayo adafta. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane. Adafta siffar ƙafafun filogi kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Wutar Ghana 230V ce, ta Amurka da Kanada 120V, ta Japan 100V. Ana jonawa sai ƙauri ya tashi, kayan da bai yi aikin kwana ɗaya ba ya mutu.

Juya na'urar ka karanta ɗan rubutun da ke bayanta. In ka ga 100–240V, kamar yawancin cajojin waya da na kwamfuta, adafta ta isa. In 120V ne kaɗai, sai taransifoma mai sauke wuta, wadda yawan wat (W) ɗinta ya ɗara na na'urar. Dutsen guga da butar lantarki kuwa, ni dai shawarata a sayi na gida, don taransifomar da za ta ɗauke su ta fi su tsada.

Kayan Jamus da Italiya wutarsu ta dace da tamu, amma galibi ƙafafun filoginsu biyu ne zagayayyu, soket ɗinmu kuwa na mai ƙafa uku ne. Shi ya sa za ka ga an cusa makulli ko tsinke a ramin sama na soket don ya buɗe. Don Allah a daina, ballantana a gidan da ke da yara. Rediyo da firinta da cajar kwamfuta galibi wayarsu cirewa ake yi. Zare ta, ka je da ita Opera Square ko Circle, a ba ka mai baki iri ɗaya da filogi mai ƙafa uku.

A wurin sayen ne arha ke yaudara. Waya mai kaurin roba amma ba nauyi, sau da yawa silin ƙarfen cikinta kaɗan ne, ko alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Duba kaurin ƙarfen da aka rubuta a jikinta: 0.75mm² ta ishi rediyo, abin da ke ɗumama ruwa yana son 1.25 ko 1.5. Buɗe filogin ka tabbatar akwai fis, wato ɗan abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, 3A ga ƙananan kaya, 13A ga manya. In ya ƙone a sa sabo, kada a naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli. Fis ɗin nan shi ke tsayawa tsakanin ɗakinka da gobara.

Mai tafiya kuma ya duba shafin IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, a intanet, inda kowane filogi ke da harafinsa. Namu G ne, irin na Ingila da Najeriya da Saudiyya, sai D a tsofaffin gidaje. Fatake masu zuwa Lome ko Abijan ko Wagadugu su riƙe adafta mai ƙafa biyu zagayayyu tun daga nan.