Idan neman kuɗi ya kai ka ramin kwal, ga abin da za ka duba kafin ka shiga

Ɗan'uwa, kwal dai akwai shi a wajenmu, akwai na Maiganga a Gombe da kamfanin simintin Ashaka ke ɗiba, akwai na Okaba wajen Ankpa a Kogi, a Nijar ma ga na Sonichar can jihar Agadas. Na Maiganga da na Sonichar buɗaɗɗen rami ne da manyan injina, nasu haɗarin ya fi yawa a ƙura da zaftarewar gefen rami da tifofi masu komawa da baya. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne ƙananan ramukan da ake kutsawa ƙarƙashin ƙasa da diga da shebur da tocila a goshi, su zan fi tsayawa a kai.

Tambayar farko tun kafin ka sa hular kwano: yaya ake biya? In da buhu ne ko da tifa to ka sani kowa sauri zai riƙa yi, wanda ya tsaya kafa tokara gani ake yana ɓata wa mutane lissafi, oga kuma taget ɗinsa kawai yake kallo. Kuma kar wani ya ce maka ai haka aikin ya gada. A Chaina, wadda ke haƙo kusan rabin kwal ɗin duniya, a 2002 mutum kusan 7,000 suka mutu a ramukan kwal, a 2018 aka dawo 333 alhali abin da ake fitarwa ya ninka sama da sau biyu, sun rufe dubban ƙananan ramuka sun matsa wa masu kamfani da sufetoci, har lissafi suke na mutum nawa ya mutu a kan kowane tan miliyan ɗaya.

Sai iska, nan ne maganar take. Kwal na fitar da gas ɗin mitan, ba launi ba wari, kuma da ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wajen to tartsatsi ɗaya ya isa. Saboda haka sigari da ashana da laita a bar su a waje, wayar wuta mai tsiraici ma kar ka yarda da ita. Ka tambaya ko akwai na'urar gwada gas kuma wa ke riƙe da ita, ka ga an gwada da idonka kafin shiga. In fankar da ke hura iska ta tsaya, ko da saura buhu ɗaya ka cika lissafi, fito.

Ɗaya gas ɗin kuma ai mun san shi, shi ne wanda ke kashe iyali in an kwana da janareto a ɗaki. A Soma ta ƙasar Turkiyya a 2014 mutum 301 suka rasu, mafi yawansu ba wuta ce ta taɓa su ba, wannan hayaƙin ne. To kar a shigar da janareto ko injin zuƙe ruwa mai fetur cikin rami, a ajiye shi a waje nesa da baki a ja tiyo. Ka ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ƙafa ta yi sanyi, musamman in ba kai kaɗai ba, kar ka ce bari in ɗan zauna in huta, zaman nan shi ne ajalin. In kuma wani ya faɗi a ciki, wallahi na san zuciya ba ta jurewa, amma kar ka faɗa haka nan, sau da yawa masu ceto ke ƙara yawan gawa. A hura iska tukuna, mai shiga a ɗaura masa igiya.

Rufin rami kullum da safe ka ƙwanƙwasa shi da dogon ƙarfe kana tsaye inda aka riga aka tokare. In ya ba da amo tangararas to da ƙarfinsa, in ya yi bum-bum kamar ganga to ya saki daga sama, sai a kayar da shi ko a tokare. Tsakuwa na zubowa kaɗan-kaɗan, katako na ƙara yana tsagewa, duk sallama ce loto, wato ramin da kake ciki, ke yi kafin ya rufta. Ginshiƙan kwal da aka bari suna riƙe da rufi kuwa kar kwaɗayi ya sa a ci su. Da damina a ƙara kula, bango ya fara gumi ko ruwa na tsattsafowa to wataƙila tsohon rami ne cike da ruwa a bayansa.

Ƙura sai a hankali take kisa, tana taruwa a huhu kuma ba ta da magani. Takunkumi mai matata za ka nema, rawani ko hankici ba ya tare ta, a riƙa yayyafa ruwa. Ita ma tana fashewa, ita ta ƙara wa fashewar gas a wani rami ƙarfi a Amurka a 2010 har mutum 29 suka mutu.

Kar ka shiga sai an rubuta sunanka a bakin rami, a soke in ka fito, in ba haka ba ranar tsautsayi ba wanda zai san mutum nawa ake nema. A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ce ke aiki, ma'aikatar ma'adinai kuma tana da sashen sufetocin mahaƙai da ofisoshi a jihohi, can ake kai rahoton haɗari, har wanda aka tsallake rijiya da baya, kar a ce tunda ba a mutu ba a rufe maganar. Ka ɗauki hoto ka rubuta rana da lokaci da sunan waɗanda suka gani. Sannan ka tambaya ko kamfanin ya yi wa ma'aikata rajista da hukumar NSITF, su ke biyan diyyar rauni a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, kuma ka bar wa wani na gida sunan wurin da lambar ogan da ya ɗauke ka.