Yadda Ake Karɓar Kwafin Hukunci a Kotunan Najeriya

Kwafin da wata kotu ko banki ko ofishin filaye za su amince da shi, shi ne wanda magatakardar kotu ya tabbatar, wanda lauyoyi ke kira CTC. Hoton da ka ɗauka da waya, ko fotokwafin da wani ma'aikaci ya miƙo maka ta bayan fage, ba ya tsayawa hujja.

Kafin ka taka ƙafa zuwa kotu, nemo lambar shari'ar. Tana saman sammaci da duk takardar da aka shigar. Haɗa ta da sunan mai ƙara da wanda ake ƙara da ranar yanke hukunci. In babu lamba, sai an yi ta tonon tsofaffin rajista, kuma nan makonni ke salwanta.

Rubuta takardar buƙata zuwa ga magatakarda, ka yi ta biyu, a buga wa taka hatimin karɓa da kwanan wata. Fayyace abin da kake so: hukuncin ne, ko umarnin kotu, ko bayanan zaman shari'ar duka? Na ƙarshen ya fi cin lokaci, domin alƙalai da yawa da hannu suke rubutu, sai an buga an kuma duba. Za a lissafa maka kuɗi, galibi gwargwadon shafuka. A Babbar Kotun Tarayya, ta hanyar Remita ake biya, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet. Kada ka ba kowa kuɗi a hannu ba rasit.

Da an miƙo maka, duba shi nan take. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce sai an biya kuɗin doka, an rubuta a ƙasan takardar cewa kwafi ne na gaskiya, da kwanan wata, da sunan jami'in da muƙaminsa da sa hannunsa, da hatimi inda ofishin ke da shi. Ɗaya ya ɓace, lauyan abokin shari'arka zai nemi a yi watsi da takardar. Ƙirga shafukan ma, kuma ka adana rasit ɗin tare da su.

In shari'arka ce, sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta wa manyan kotuna ba ka kwafi cikin kwana 7 da yanke hukunci. A aikace yakan wuce haka, alhali wa'adin ɗaukaka ƙara ba ya jiran kowa: daga Babbar Kotu wata 3 ne a hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 kacal a hukuncin tsakiyar shari'a. Lauyanka ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara tukuna, kwafin ya biyo baya.