Famfarar yara: kurakuran da ke ɓuya a bayan "ai zai fita"

Duk gidan hayar da ka shiga a Agege ko Idi-Araba ba ka rasa yaro mai giɓi yana zagaya tsakar gida, 'yan uwansa suna tsokanarsa, manya suna cewa ya rufe baki kada ƙadangare ya gani haƙorin ya ƙi fitowa. Mu ma haka aka yi mana, kuma wannan bai taɓa cutar da kowa ba. Abin da ke cutarwa magana ce da na sha ji daga bakin iyaye: "Ƙyale shi, haƙorin nono ne, ai zai fita."

Gaskiya ne zai fita, amma yaushe? Haƙoran nono 20 ne. Famfara takan fara wajen shekara 6, yawanci da biyun gaba na ƙasa, sai na sama su biyo baya. Turamen ciki kuwa ba sa fita sai yaro ya kai 10 zuwa 12. Ke nan turmin da ya yi kogo yaro yana da shekara 4, sauransa shekara shida ko fiye a baki. Duk tsawon wannan lokaci yaron yana tauna da gefe ɗaya, yana kuka cikin dare, wani lokacin dasashi ya kumbura ya tara mugunya, kuma a ƙarƙashin wannan mugunyar ne haƙorin girma yake kwance yana ginuwa. In aka kai ga cire shi tun lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi sukan matso su cinye gurbin, sabon ya zo ya rasa wuri ya fito a karkace. Kogo a haƙorin nono ana cike shi kamar na babba. Da zarar an ga baƙin ɗigo ko rami, a kai shi wurin likitan haƙori, kada a jira sai kunci ya kumbura.

Kuskuren da ya fi min ciwo shi ne wanda ko iyaye masu lura suke faɗawa ciki. Wajen shekara 6 ɗin nan, wasu turame huɗu sukan tsiro can ƙurya, bayan haƙoran nono na ƙarshe, biyu sama biyu ƙasa. Ba wani haƙorin nono da ke faɗuwa ya bar musu gurbi kafin su zo, shi ya sa ba a lura da su. Waɗannan na girma ne, ba su da magaji. Wata maƙwabciyata ta taɓa buɗe min bakin 'yarta mai shekara 8, na ga rami a ɗaya daga cikinsu. Na ce, "Maman Baby, wannan fa ba ya famfara." Ta ce, "Haba Yaya, yarinyar da ko na gefe ba ta gama zubarwa ba?" Sai da likita ya maimaita mata kafin ta yarda, Allah ya sa an samu an cike shi. Ga yadda ake ganewa: a ƙirga daga tsakiyar baki zuwa ciki, haƙoran nono biyar ne a kowane gefe. Na shida na girma ne.

Sai maganar zare. Haƙori ya fara girgiɗi, kawu ya zo ya ɗaura masa zare ya fizge, ko a kai yaro wurin wanzami. Haƙorin nono yana girgiɗi ne saboda sabon da ke ƙasa yana cinye saiwarsa a hankali, kuma girgiɗin yakan ɗauki makonni ko watanni. In aka fizge kafin saiwar ta ƙare, sai jini da zafi, ta yiwu ma guntu ya karye a ciki, ga yaro ya tsorata da duk mai cewa ya buɗe baki. A bar shi ya riƙa motsa shi da harshe ko da yatsa mai tsabta. Ranar da ya fita, a naɗe ƙyalle mai tsabta ya cije na 'yan mintuna, jinin zai tsaya. In ya haɗiye shi da tuwo, ba komai, zai fita ta bayan gida.

Akwai abubuwan da ke tayar wa iyaye hankali a banza. Sabon haƙori ya tsiro a bayan tsohon, layi biyu: yawanci tsohon yakan faɗi da kansa, harshe ya turo sabon gaba, sai dai in makonni sun wuce tsohon ko motsi ba ya yi, to a nuna wa likita. Sabon ya fi na nono ɗorawa, bakinsa kamar zarto, ga shi ƙato: haka halittarsa take. Kada a dirje shi da gawayi ko toka wai don ya yi fari.

Faɗuwa kuma daban take da famfara. Yaro ya faɗi a filin ƙwallo ko ya zamo daga kan acaɓa haƙori ya fita. In na nono ne, kada a mayar da shi, mayarwar tana iya lalata na girman da ke ƙarƙashinsa, amma duk da haka a kai yaron a duba. In na girma ne, a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a ɗauraye kaɗan ba tare da gogewa ba, a mayar da shi gurbinsa in zai yiwu. In ba zai yiwu ba, a saka shi cikin madara a ruga, don sa'ar farko ita ce komai. Mun san cunkoson Legas, saboda haka asibitin haƙori mafi kusa za a nufa. Asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja duk suna da sashen haƙori.

Magani ma muna ganganci da shi. A daina danna asfirin a kan dasashi, ƙona naman yake yi, kuma ba a ba yara shi. Tetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kyamis ba takardar likita, yana rina haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba, rinin da ba ya wankuwa. Farasitamol na yara, gwargwadon da aka rubuta, ya isa kafin a kai ga likita.

Ƙarshe, goge baki. Yara da yawa suna daina goge wurin da ke girgiɗi saboda tsoro, iyaye kuma sun sakar musu buroshi tun suna shekara 4. Sai wajen shekara 7 hannun yaro yake iya aikin, kafin nan babba ya tsaya a kansa. Sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci, da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) kamar ƙwayar wake ƙarama, ya tofar kada ya kurkure. Asuwaki yana da kyau, amma a haɗa da man. Alawa da biskit da lemun kwalba kuwa, yawan tsotsa a wuni ya fi yawansu ɓarna, gara a ba shi tare da abinci sau ɗaya da a riƙa miƙa masa kuɗin shago safe da yamma. Yau da dare, bayan ya goge, a haska bakinsa da fitilar waya a ƙirga zuwa na shida.