Tsakiyar takarda: sarƙar wuya daga tsohuwar kalanda

'Yan uwa mata, in za ku haɗu ku yi sarƙar wuya ta takarda, wadda ake naɗe takarda ta zama tsakiya, wato dutsen ado da ake zurawa a zare, ku nemi tsohuwar kalanda ko mujalla mai sheƙi. Jarida ba ta yi, ta cika laushi, tawadarta kuma tana ɓata hannu da zarar ta sha gam.

A yanka takardar doguwa mai tsini kamar mashi: faɗin gindinta santimita 2, tsawonta 25 zuwa 30. Mutum ɗaya ya riƙe yankan, da rula da almakashi, in ba haka ba tsakiyar za ta fito wata ƙatuwa wata 'yar mitsitsiya.

Wajen naɗi ake yin kuskure. A fara daga gindin, a naɗa a jikin tsinken tsire, a matse sosai, tsinin yana bin tsakiyar naɗin. Kar a sa gam a zagaye biyun farko, sai ya manne da tsinken ya ƙi zarewa. Ɗigo ɗaya na farin gam, irin su Top Bond, a ƙarshen tsinin ya wadatar. In ya yi yawa takardar ta jiƙe ta yamutse.

Sai a soke tsinkayen a jikin soso, a shafa man farce marar launi sau biyu, shafin farko ya bushe kafin na biyu. Da damina a bar su su kwana. Wanda bai sha man ba, zufa kaɗai za ta lalata shi.

Sarƙa mai santimita 45 tana cin tsakiya kamar 18, da ƙananan duwatsu a tsakaninsu. A zura a zaren fatsa, a ɗaure sau uku.