Yadda ake gane alƙiblar siyasar ƙaramin gari a ƙasar Daura

Wanda yake son sanin inda ƙuri'ar ƙaramin gari za ta faɗa, a Baure ne ko Zango ko Sandamu ko Mai'aduwa, kada ya fara da taron gangami. Mutanen da suka cika fili ranar Talata su ne za su cika na abokin hamayya ranar Alhamis, in dai an ba da kuɗin mai. A fara da takarda.

Takardar ita ce EC8A, ta sakamakon zaɓe, wadda jami'in INEC ke cikewa a kowace rumfar zaɓe, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Na mazaɓa EC8B ne, na ƙaramar hukuma EC8C. Na ƙarshen ba ya da amfani ga wannan aiki, domin ya cuɗa garinka da wasu garuruwa. Nemi na rumfa: na babban zaɓen 2023 an ɗora hotunansu a IReV, shafin sakamakon zaɓe na INEC a intanet, na shekarun baya kuwa sai a hannun tsofaffin wakilan jam'iyya ko sakataren jam'iyya na mazaɓa.

Sami littafi, ka ware shafi ɗaya ga kowace rumfa. Rubuta abu huɗu: masu rajista, waɗanda aka tantance, ƙuri'un kowace jam'iyya, da waɗanda suka lalace. Yi haka na zaɓe uku aƙalla, 2015 da 2019 da 2023. Ka lura cewa INEC ta ƙara rumfuna a 2021, saboda haka rumfar da ka ga ta rame a 2023 wataƙila raba ta aka yi. Haɗa ta da wadda aka cire daga jikinta kafin ka kwatanta. Haka kuma a 2023 da na'urar BVAS aka tantance mutane, don haka raguwar adadi ba kullum take nufin mutane sun yi fushi ba.

Babban kuskure shi ne ɗaukar gari a matsayin na jam'iyya ɗaya sak. Katsinawa sun iya raba ƙafa. A 2011 Buhari ya lashe jihar a ƙarƙashin CPC, amma Ibrahim Shema na PDP ya koma kujerar gwamna. A ranar 25 ga Fabrairun 2023 Atiku Abubakar na PDP ya ci jihar da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu bakwai ba, ana tsakiyar ƙarancin takardun naira. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Dikko Raɗɗa na APC ya ci gwamna da rata mai faɗi. Saboda haka kowane zaɓe da layinsa a littafinka: shugaban ƙasa daban, gwamna daban, 'yan majalisa daban. Inda rumfa ta ba jam'iyya ɗaya a sama ta ba wata a ƙasa, mutum ake bi a wurin, kuma aikinka ka gano wane ne. Sau da yawa ɗan garin ne da ya tsaya takara, ko wanda ya haƙa rijiyar burtsatse, ko wanda aka hana tikiti a zaɓen fidda gwani ya yi wa jam'iyyarsa zagon ƙasa. A ƙasar Daura akwai ƙarin abin lura: lissafin da aka gina kan farin jinin Buhari na buƙatar sabon awo tun rasuwarsa a Yulin 2025.

Sai a shiga gari. Zauna a majalisa uku daban-daban, ta dattawa a ƙofar gida, ta teburin mai shayi, da ta 'yan acaɓa a tasha, kuma kada ka tambayi kowa wa zai zaɓa, domin abin da kake son ji za a faɗa maka. Tambayi kuɗin buhun taki, wa ya gyara famfo, wa ya zo ta'aziyya. Dagaci da mai unguwa a gaishe su da ladabi, amma ba za su fito fili ba, kuma bai dace a matsa musu ba.

Mata su ne ake yawan mantawa, alhali layinsu kan fi na maza tsawo a rumfunan ƙauye. Namiji ba zai ji ra'ayinsu a majalisa ba. Sai an sa mace ta saurara a gidan biki, wurin suna da wajen adashi. Taliya da sabulu da atamfa ana karɓa daga kowane hannu, don haka yawan rabon kaya ba ma'auni ba ne.

Abu na ƙarshe da ke ɓata lissafi shi ne ci-rani. Zaɓukan baya sun faɗo ne a rani, lokacin da samari da yawa suke Kano, Abuja ko Legas, katunansu kuwa na rumfar gida ne. Ƙirga gida ashirin a kowace unguwa, ka ga mutum nawa ba sa nan, sannan ka bincika ko akwai ɗan takarar da ya ɗauki hayar mota don dawo da su.